Nomau da Zaren Duwatsu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don wasunku suna da dangi a can, kuma na san bakinku. Sunansa Nomau, manomin gero da wake. Shi mutanen garin suka zaɓa aka tura shi birni ya koyo duba yara. Ya dawo da ɗan akwatin katako, da wani agogo mai kuka in minti ya cika, da zaren duwatsu kamar carbi, da jan dutse ɗaya a wajen na hamsin. Allura kuwa ba a ba shi ba. Ku riƙe wannan, don a nan rigimar take.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, faɗa ya riga ya yi nisa a gidan mai unguwa.

"Na ce ka yi masa allura!" in ji Iya Tabawa, uwar mai unguwa, tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu.

"Iya, ba ni da allura."

"To me ke cikin akwatin naka? Goro?"

Jikanta ne kwance a tabarma, Sagiru, ɗan wata takwas, kwana uku yana tari da zazzaɓi. Uwarsa Marka, matar autan Iya, tana can bakin murhu tana ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Ɗan farinta ne. Kun dai san kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta ko kallonsa a gaban mutane, balle a gaban suruka.

Nomau ya ɗaga rigar yaron, ya ƙura wa cikinsa ido. Ya ga ƙasan haƙarƙarin yana lotsawa duk jan numfashi. Ya danna agogo, yana jan duwatsu ɗaya-ɗaya. Agogo ya yi kuka. Ya dubi zaren, ya dubi ƙasa.

"Iya, wannan ya fi ƙarfina. Sai asibitin birni, kuma yau, kafin azahar."

"Ya fi ƙarfinka! Jiya-jiya ana ta Likita, Likita, kana washe baki."

"Ban taɓa cewa ni likita ne ba, Iya."

"Beli ne ya sauko masa, kowa ya sani. In ba za ka iya ba, na riga na aika a kira wanzami ya cire. Akwatin kuwa, da bakina zan sa ɗana ya karɓe ya ba mai zuciya."

To ku saurara, nan ne gwajin. A cikin akwatin akwai ƙwayoyi, farare da ruwan ɗorawa. Shaiɗan ya matso kusa da kunnen Nomau ya ce, "Jiƙa mata biyu ka ce ya isa. In ya warke, sunanka ne. In bai warke ba, kwanansa ne ya ƙare. Wa zai sani?" Kuma gaskiya, wa zai sani? Mata sun riga sun leƙo ta katanga, ana jiran a ga kunyarsa. Nomau ya ce a ransa, "Ni zan sani, da wanda ya halicci yaron."

Bai tashi ba, bai rama ba. Sai ya lura da wani abu. Iya Tabawa tana zagi, amma idonta yana kan zaren nan. Ita fa mace ce da ba a rufe tukunya a gabanta, sai ta buɗe ta ga. Kada ku kalle ni, ni ba haka nake ba.

"Wai me kake ƙirgawa ne?" ta ce. "Wuridi ne, ko surkulle?"

"Numfashinsa, Iya."

"Numfashi? Ana ƙirga numfashi? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ji ba."

"Karɓi ki gani. Duk lokacin da cikin ya ɗaga, ki ja dutse ɗaya. In agogo ya yi kuka ki tsaya."

Ta yi tsaki, amma ta karɓa. Ta durƙusa, gwiwa tana ƙara. Ta fara ja. Yatsun tsohuwa suna ta sauri, cikin yaro ya fi su sauri. Ta kai jan dutse, ta wuce shi, ta ƙara goma sha biyu kafin agogo ya yi kuka.

"To sai me?" ta ce. "Ai duk yara haka suke."

"A miƙo mana wani mu gani."

Wata maƙwabciya ta miƙo tata 'yar ta kan katanga, ƙatuwa, sa'ar Sagiru, tana tsotsar yatsa. Iya ta ƙirga. Agogo ya yi kuka, jan dutse yana can nesa, ko kusa ba ta kai ba. Ta ce agogon ne ya yi ha'inci, a sake. Aka sake. Haka dai.

Iya ta sauke zaren a cinya. Gani ya kori ji.

"Amma ai yana shan nono," in ji Iya, murya ta sauka. "Yaron da ke shan nono ba ya..."

"Bai sha ba."

Kowa ya waiwaya. Marka ce, daga bakin murhu, kanta a sunkuye, hawaye yana ɗiga a toka.

"Tun asuba bai kama ba, Iya. Na ba shi ya fi sau biyar. Jikanki ne, ki kai shi."

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinyar nan tun asuba maganar take cin ta, kunya ta hana ta faɗa, ba wanda ya tambaye ta.

Nomau ya jiƙa ƙwaya ɗaya, ya ɗiga wa yaron a hankali, ya ce wannan na hanya ne kawai, ba shi ne maganin ba. Ya rubuta takardar da za a kai asibiti. Iya Tabawa da kanta ta goya jikan, ta haye bayan babur, Marka a bayanta. A bakin ƙofa suka ci karo da wanzami ya iso da zabirarsa. Iya ta ce, "Koma, ko ka aske wa mai unguwa, gashinsa ya taru."

Kwana shida suka yi a birni. A can aka yi allurar da take nema, har da robar iska a hanci. Sagiru ya dawo yana wawurar nono kamar ɗan akuya.

Kuna tsammanin ta ba Nomau haƙuri? Ina! Ta ce ita ta gano ciwon da hannunta. Har ta tsinke tsohon carbinta ta sa jan dutse, tana bin gidaje tana ɗaga rigunan 'ya'yan mutane. Da aka kai wa Nomau gulmar, ni dai ba ni na kai ba, dariya ya yi ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Ita ta ƙirga." Ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Wanda ya ce muku "wannan ya fi ƙarfina" ya fi wanda ya cika muku hannu da ƙwaya don a kira shi gwani. Bawan Allahn nan ya yarda a raina shi, bai yarda ya yi ƙarya a kan ran yaro ba. Ku kuma surukai, ku riƙa tambayar matan 'ya'yanku, don kunya ba ta sauke zazzaɓi. Akwai wata a ɗakin nan da ta kori mai akwati makon jiya, wai bai yi wa jikanta allura ba, har ta ce masa...

A'a, Ta-Sallah, ina za ki da mayafi a hannu? Ban fa kira suna ba! Ki dawo, ba a yi addu'a ba!

Kun ji ƙofar? Allah ya sa ba ta ɓalle ba.