Haladu da Bokitin Ruwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Haladu ake ce masa. Sana'arsa tana da wuyar bayani, balle a bakina, ni da ko wayata sai na yi ta lalube. Amma ku saurara.

Akwai ɗan allon lantarki, bai fi tafin hannu ba, da ake sawa cikin famfon sola. Shi ke ce wa inji tashi, shi ke ce masa tsaya. In sabon allo ya fito, sai an gabatar da shi ga manhajar da ke haɗa masa umarni. A rubuta mata a fayil: cikin 'yan ƙafafun ƙarfen da ke jikin allon, wannan ita ke kunnawa, waccan ita ke jin ruwa ya ƙare. A ƙasa a sa kalma biyu: an gwada. Aikin Haladu ke nan.

To al'adar masu sana'ar ita ce su kwafi fayil ɗin tsohon allo, su canza suna. Da wani sabon allo ya fito, Haladu ma haka ya yi, ba waliyyi ba ne. Manhaja ta karɓa salin-alin.

Sai ga Alhaji Sidi mai kamfanin da Haladu ke yi wa aiki, manoman albasa na jiran famfo arba'in a wurinsa.

"Malam Haladu, ta karɓa?"

"Ta karɓa, Alhaji."

"To rubuta an gwada mana."

"Alhaji, ban gwada ba. Ko allon ban taɓa riƙewa ba."

"Kai! Uwa ɗaya uba ɗaya suke da tsohon. Ka rubuta kafin la'asar, ko ka nemi wani wurin."

Jama'a, mutum mai iyali! Haladu ya ce, "A ba ni famfo ɗaya mai sabon allon, da bokiti. In an kore ni bayan nan, Allah na nan."

Ya cika bokiti, ya kunna. Ruwa ya ƙare, famfo bai tsaya ba. Yana ta gurnani a bushe, har ƙauri ya fara tashi. Ashe masu ƙera allon sun sauya wa ƙafar jin ruwa wuri. Da an kai su gona haka, ranar da rijiya ta ja baya, arba'in ɗin nan ƙonewa za su yi, albasa ta bi su.

Ya gyara layi ɗaya a fayil ɗin, ya sake cika bokiti. Famfo ya tsaya. Sannan ya rubuta.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Ai na san za ka gano, shi ya sa na matsa maka." Godiyar ke nan. Manoman kuwa ba su taɓa jin sunansa ba.

'Yan'uwa, kada ka shaidi abin da idonka bai gani ba, ko da ya yi kama da wanda ka sani. Sau nawa muka ce "mutumin kirki ne" don mun san wansa? Ni kaina na sha yi. Kafin ka ce an gwada, ɗauko bokiti. Allah ya tsare mana harsunanmu.