Datsa ta Uku

An yi wani mutum a ƙauyenmu na gefen garin Fan Rang. Kamar kowane namiji a cikinmu, da ya yi aure gidan matarsa ya tare, da ƙunshin tufafinsa kawai. Gonar inabin gidan ta surukarsa ce, tsohuwar da muke kira Muk Sapiya. Shi nomawa yake yi.

Kun san kurangar inabin ƙasar nan ba ta san hutu ba sai an ba ta. In ka datse rassanta, ta yi 'ya'ya. Sau biyu ake datsa a shekara, sannan a ƙyale ta ta huta da damina.

Wata rana mai matsar giya ya zo daga gari, ya tsaya ƙarƙashin rumfar inabin.

"Ɗan'uwa, matan kasuwa mai kyau suke zaɓa. Ni sikeli na sani. Fasasshe, ƙanana, duk kawo."

Mutumin ya san abin da za a yi da inabin. Ya ce a ransa, ai ba shi zai sha ba. Ya daina rage 'ya'yan, rassa suka yi ta rinjaya. Da hadari ya fara haɗuwa, sai ya ɗauko almakashi karo na uku.

Muk Sapiya ta ce, "Mijin 'yata, ko saniya ana bar wa ɗanta nono. Ajiye almakashin nan."

"Inna, ruwa zai makara bana."

Wa ya ba shi wannan labari?

Kullum idonsa na sama. Ya bar zuwa jam'i, yana zagaya gona da tulun feshi. Ruwa ya sauko inabi na ɗanye, ya ƙi ɗaukewa. 'Ya'yan suka kumbura, suka tsage, suka yi fumfuna. Mai giya ya ɗanɗana ɗaya, ya tofar.

"Giya nake yi, ɗan'uwa, ba ruwan tsami ba."

Rani ya zo. Ya sake datsawa, ya jira toho. Bai fito ba. Kurangar da kakar matarsa ta dasa ta bushe har saiwa.

Muk Sapiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaure masa ƙunshin da ya zo da shi, ta ajiye a bakin ƙofa.

Ya 'yan'uwa, amana aka ba shi, ya kai ta kasuwar haram. Mai matsa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, duk zunubin ya haɗa su. Wa zai ce shi noma kawai ya yi?

Allah ya kiyaye mu daga kwaɗayin da ke cinye abin da aka ba mu riƙo. Amin.