Igwa a Nan, Harsasai a Can

Shekarar da Kwarin Maje da Tudun Gawo suke rigima kan fadama, wata ƙasar waje ta aiko da taimakon tsaro. Don kada a ce ta yi son kai, sai ta ba Kwarin Maje igwa, ta ba Tudun Gawo harsasan.

Dagacin Kwarin Maje ya kira Sallau maƙeri, ya ce, "Kafin Juma'a ina son harsasan nan a ƙofar gidana. Ban da roƙo, ban da saye, ban da sata. In ka kasa, ka bar mini gari."

Sallau ya tuna da maƙerarsa ta gado, ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ai yau ma sai su iso. A ba ni shanun noma biyu kawai."

"Ka yi me da su?"

"In ja igwar in kai musu. Da kansu za su aiko maka da harsasan, ɗaya bayan ɗaya, har cikin zaure."

Dagaci ya daɗe yana kallon zaurensa. "Bar ta inda take."

Yanzu kaji ne ke ƙwai a bakin igwar, baƙin kuwa sun rubuta cewa taimakonsu ya kawo zaman lafiya.