Farar Fitilar Ɗanmusa

Akwai wani direban bas a Limawa, jikokina, ana ce masa Ɗanmusa. Ba mugu ba ne, sai dai ba ya jin magana.

Ya sa wa motarsa irin fararen fitilun nan masu kashe ido. Tun rana ba ta gama faɗuwa ba zai kunna su, kuma ba ya ragewa ko da wa ya yi karo.

Maƙwabcinsa Nehemiah, mai tuƙa adaidaita, wanda ake kira Baban Tina, ya same shi a ƙofar gida.

"Malam Ɗanmusa, ka riƙa rage mana fitilar nan. In ka haske ni, ko raƙumi ne a gabana ba na gani, balle mutum."

Ɗanmusa ya yi dariya. "Baban Tina, tsufa ne ya zo maka. Ka nemi tabarau. Ni dai ina ganin hanyata tarwai."

Ɗanmusa yana da 'ya ƙarama, Raihana. Ko a cikin motoci ɗari tana gane ta babanta, don babu mai farin haske irin nasa.

Rannan bayan magariba, lokacin da gari ba duhu ba haske, an aike ta sayen ƙosai a tsallaken titi. Tana sanye da hijabi ruwan toka. Ta hango farar fitila, ta ce ga Baba nan, ta shigo titi da gudu.

Nehemiah yana tahowa daga ɗaya hannun. Hasken ya cika masa ido. Bai ga yarinya ba, ƙara kawai ya ji.

Ɗanmusa kuwa ya ga komai. Hijabin, da ƙosan da ya watse, da takalminta guda. Fitilarsa mai kyau ce, ba abin da ta ɓoye masa.

A asibiti suka zauna a benci ɗaya. Ba wanda ya yi kuka. Can Nehemiah ya ce, "Ban gan ta ba."

Ɗanmusa ya ce, "Na sani."

Raihana ta rayu, amma har yau tana jan ƙafar hagu. Uban ya kwance fitilun da hannunsa. In motarsa ta shigo layi yanzu, yarinyar ba ta gane ta, sai ya yi sallama.

Darasi: Ganinka kai kaɗai ba ya tsare kowa a titi. In ka makantar da na gabanka, ba ka san ɗan wa zai taka ba. Ku rage haske in kun haɗu da mota, ku sassauta gudu da magariba. Ku tura wa duk direban da kuke ƙauna.