Ramin da Gyare Ya Manta

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa birbiri, ɗan ƙaramin jemagen nan, ba ya tashi a miƙe, gyare kuma ba ya rufe baki.

A da can, Birbiri da rana yake yawonsa, tashinsa kuwa ɗoɗar, ba karkata. A kogon wata tsamiya yake zaune, Gyare kuma a rami a gindinta. Maƙwabta ne na ƙut da ƙut.

Wata rana da kaka matar Birbiri ta tafi ganin gida, ta bar masa jaririnsu. Yaro ya yi ta tsala kukan yunwa, sai uban ya sauko da shi.

Ya ce, "Maƙwabci, riƙe mini shi in tsinko masa ɓaure a fadama. Yanzu zan dawo."

Gyare ya ce, "Je ka abinka, ai ɗana ne."

Tafiyarsa ke da wuya mafarauta suka cinna wa daji wuta. Ciyawa ta bushe ƙayau, ga iska. Gyare ya ga hayaƙi, ya ga ɓeraye na ta wucewa a guje. Ya ɗauki yaro ya yi tsalle, ya faɗi. Nauyi ya fi ƙarfinsa. Ya ja shi ya yi gabas, wuta. Ya yi kudu, wuta. Da ya rasa ta yi, sai ya tura shi cikin wani rami, ya toshe bakin da ƙasa, shi kuma ya yi ta tsalle har bakin rafi.

Da wuta ta mutu ya dawo. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ba ciyawa, ba alama. Ramuka ga su nan birjik, duk iri ɗaya.

Can la'asar sakaliya sai ga Birbiri da ɓaure a baki.

"Ina ɗana?"

"Yana rami, wuta ba ta taɓa shi ba."

"Wane ramin?"

Gyare ya dubi wannan rami, ya dubi wancan, ya kasa ganewa. Ɓauren ya suɓuce daga bakin Birbiri.

Bai zage shi ba, bai buge shi ba. Cewa ya yi, "Kai bi ta ƙasa kana kira, ya san muryarka. Ni zan duba ta sama. Kada ka zauna, ni ma ba zan zauna ba."

Suka bazama. Birbiri ya yi nan, ya ga kamar motsi can, ya juya, ya sake juyawa. Gyare ya faɗa wannan rami ya fito, ya faɗa wancan, yana kira har muryarsa ta sirance. Rana ta faɗi ba su same shi ba. Washegari ma haka.

Shi ya sa har wa yau, da yamma ta yi, za ku ga birbiri na kai da komo kamar wanda ya ruɗe. Ko hutawa zai yi, sai ya maƙale a reshe, kansa a ƙasa, yana duba. Gyare kuwa yana rami yana kira. In kun matso ya yi tsit, ba tsoronku yake ji ba. Saurarawa yake, ko yaron ne ya amsa.