Randar Lantana

Kai Sallau, sakar mata zane, ku matso nan kusa da ni. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce wai ita Tasalla, mai ginin tukwane. Ruwan randarta, ko rana na tsaka, sanyinsa har haƙori. Tana da 'ya ɗaya tak, Lantana, kyakkyawa, sai dai ƙyamar laka. Kullum uwar ta ce, "'Yar nan, zo ki ga yadda ake kwaɓa yumɓu." Sai ta ce, "Inna, lallena zai ɓaci. Gobe." Goben nan dai kun san ta, irin taku ce in an ce ku yi shara.

Ana nan, ana nan, sai damina ta ƙi. Yunwa ta shigo gari. Suka sayar da tukwane suka ci, har randar ɗaki. Sai ciwo ya kwantar da Tasalla, jiki zafi rau. Lantana ta kawo ruwa a ƙwarya, tsohuwa ta kurɓa, ya ƙi wucewa.

Ta ce, "Ɗumi gare shi. Ruwan randa nake so."

Lantana ta zaga gari kaf, kowa ya sayar da tasa. Sai ta ce, "Ni zan gina miki, Inna."

Sai ta haƙo yumɓu a busasshen kududdufi. Ba ta tsince tsakuwa ba. Ta gina, ta sa a wuta, randa ta tarwatse.

Sai ta sake haƙowa, ta tsince tsakuwa, ta gina. Don sauri ta shanya a rana. Kafin la'asar randa ta tsattsage, ta zube.

Sai ta zo ta durƙusa a gaban uwar, tana hawaye. Ta ce, "Inna, koya mini."

Tasalla ta yi murmushi. Murya can ƙasa-ƙasa ta ce, "Daka tsingaron wadda ta fashe ki gauraya da yumɓun. Murza da tafin hannu, kar ki ji tsoron laka. In kin gama, kai ta inuwa ki rufe."

"Har yaushe, Inna?"

"Har ta bushe don kanta."

Haka ta yi. Kowace safiya tsohuwa ta ce, "Ta bushe?" Lantana ta taɓa, ta ce, "Saura kaɗan." Leɓen Tasalla duk ya faffashe, amma jin haka kawai sai ta sami barci. Ni dai nan wajen ne yake ba ni tausayi.

Ranar da ta bushe, Lantana ta lulluɓe ta da kara da kashin shanu, ta cinna wuta. Da safe ta tone toka, ta ƙwanƙwasa, randa ta amsa garau. Ta ɗauraye, ta cika da ruwa, ta zauna jiran ya yi sanyi. Da ya yi, ta ɗebo a ludayi, ta shiga ɗaki da gudu.

"Inna, tashi ki sha."

Shiru. Ta sake kira, shiru. Rai ya yi halinsa.

Dattawan unguwa suka zo aka yi mata sutura. To, a garin nan da fasassun tukwane ake rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Aka duba gidan mai ginin tukwane, ko kasko babu, tsingaron ma duk an dake.

Sai Lantana ta tuntsurar da ruwan, ta rungumo randar ta kawo.

Liman ya ce, "Haba 'yata, sabuwa dal? Bari a nemo itace."

Ta ce, "A fasa ta, Malam. Dominta na gina."

Aka raba ta biyu, aka kifa a kan Tasalla, cikin randar da sauran danshi.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Abin da babba ya ce ku zo ku koya, ku zo tun yana zaune da ƙarfinsa. Ku tashi ku kwanta.