Furen Matattu a Lambun Kaka

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni Fidencio, wanda malamai suka yi murnar barinsa makaranta, na kusa kashe mutum da cokali ɗaya na iri. Duk ƙauyenmu an san wajen tsokana ba ni da na biyu, kuma ina taƙama da haka.

Kakata Eufrosina tana shuka perikon, ganyen nan mai ƙanshi da muke dafa sabuwar masara da shi, muke kuma ɗaura gicciye da furensa a ƙofofi jajibirin ranar Mika'ilu, lokacin da ake cewa Shaiɗan na tsinke igiyarsa ya fito. Da hannunta take adana irin.

Irinsa kuwa kamar na furen da muke kai wa matattu makabarta yake, baƙaƙen tsinkaye ƙanana. Sai na musanya mata da na furen matattun, na watsa nata a bayan ɗakina. So nake kawai in ji ta tana zagin ƙasa.

Ba ta zagi kowa ba. Da tsiron ya fito, ta murza ganye ta shinshina, ta zauna a ƙasa.

"Tsohuwa, hancin ne ya mutu?" na ce ina danne dariya.

"Marigayi kakanka ne ya aiko, ja'iri. Perikon na shuka, furen matattu ya fito. Ya gaji da jira."

Daga ranar ta rage cin abinci. Ta kyautar da kajinta, da mayafinta na zuwa coci, har dutsen niƙanta. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, in kalli idon babana, in fasa. Ina ji ina gani wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara.

Ƙanwata Remedios ce ta je shanya bayan ɗakina, ƙanshi ya tare ta. Perikon ya yi kore shar a ƙarƙashin tagata. Ta tumɓuko shi ta dire a gaban kowa.

"Yaya, yaushe ka fara noma? Kai da ko ƙashinka ba ya taki?"

Baba ya ɗauko igiyar jaki. Kaka ta ɗaga hannu daga kwance.

"Bar shi, Anselmo. Duka hutu ne. Ya bi gida gida ya karɓo kayana, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa."

Na bi. Kajin an cinye su. Dutsen niƙan na goyo a baya, yara suna bina da ihu. Da na dire shi, ta durƙusa za ta niƙa, hannun ya kasa tura ɗan dutsen. Ta dube ni ba fushi, da ma ta yi.

"Durƙusa, mijin banza. Daga yau kai ne hannuna."

Darasi: wasan da kai kaɗai ka san wasa ne, ga ɗan'uwanka gaskiya ce. In ka ga tsokanarka ta fara cin mutum, yi magana a ranar. Kaya suna dawowa, ƙarfin da tsoho ya zubar ba ya dawowa.